Dokoki Goma a Bangon Aji: Dakata Kafin Ka Tafa

Ɗan'uwa, a watan Yunin 2024 Gwamna Jeff Landry na jihar Luwiziyana ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta liƙa Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, tun daga firamare har jami'a. Da yawa cikinmu mazauna Amurka sun yi murna. Wai mene ne laifi, ai Annabi Musa namu ne, kuma gara yaro ya ga sunan Allah a bango da ya tashi ba tarbiyya.

To, ka duba dokar da kyau. Ba ta bar wa makaranta zaɓi ba. Ta ƙayyade girman takardar, aƙalla inci 11 da 14, ta kuma rubuta kalmomin da za a liƙa, irin lafazin da Furotesta suka saba da shi. Katolika da Yahudawa ba haka suke jera dokokin ba. Wato 'yan majalisa ne suka zauna suka zaɓi fassarar da za ta hau bango. 'Yarka kuwa kullum za ta riƙa karanta umarnin tsarkake ranar Asabar, ita da ranarta Juma'a ce.

Masu goyon baya suna kafa hujja da hukuncin 2005, inda Kotun Ƙoli ta bar dutsen Dokoki Goma a harabar majalisar Tekzas. Amma dutsen nan ɗaya ne cikin kayan tarihi da dama, babba zai iya wucewa bai kalle shi ba. Yaro fa dole ne ya zauna a aji. Kotun nan dai ita ta soke irin wannan doka a Kentaki a 1980.

Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, a jimla ɗaya ya hana gwamnati kafa addini, ya kuma hana ta tauye ibada. Shi ne inuwar da masallacinka da hijabin matarka suke ciki. In ka yarda gwamnati ta zaɓi nassin da za a liƙa, ka tuna wuƙa da nama suna hannun masu rinjaye, kuma a ƙasar nan ba mu ne masu rinjaye ba.

Tarbiyyar da kake nema wa 'ya'yanka tana gida da Islamiyyar ƙarshen mako. Can ne kai kake zaɓar malami da littafi.