Alƙalin da Ba Ya Sauraro: Nazari a kan "Yaƙin Tashin Duniya" na Judge Dredd

1. Gabatarwa

Labarin zane, wanda Faransawa suke yi wa kirari da fasaha ta tara, adabi ne da manazartanmu ba su cika waiwaya ba, don ana ɗaukarsa abin wasan yara. A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai, wato The Apocalypse War, wanda muka fassara da "Yaƙin Tashin Duniya". An buga shi kashi 25 a shekarar 1982 cikin 2000 AD, mujallar mako-mako ta ƙasar Ingila. John Wagner da Alan Grant suka rubuta, Carlos Ezquerra, mutumin Spaniya, ya zana. Manufarmu ita ce mu nuna yadda labarin ya ɗauki kalmomin shari'a ya raba su da ma'anarsu, har kisan mutum miliyan 500 ya shiga kunnen mai karatu tamkar hukuncin kotu.

2. Jigo

Tauraron labarin, Alƙali Dredd, ya fara bayyana a 1977. Yana aiki a Mega-City One, wani makeken birni mai mutum miliyan 800 a gabashin Amurka, wanda ya tsira daga yaƙin nukiliya na shekarar 2070 bisa ƙagen marubutan. Wani ɗan leƙen asiri mai suna Orlok ya zuba wa ruwan shan birnin magani, mazauna dogayen benaye suka haukace suka faɗa wa juna. Ana cikin haka sai East-Meg One, birnin da ya gaji Mosko, ya yi musu ruwan makamai masu linzami, sannan ya turo mayaƙa. Rabin jama'a suka hallaka. Daga ƙarshe Dredd ya ja wasu alƙalai ƙalilan, suka ƙwace rumbun makaman abokan gaba, ya juya makaman a kan East-Meg One ya shafe shi daga doron ƙasa.

Mai karatu zai lura da lokacin da aka rubuta wannan. A Disamba 1979 ƙungiyar NATO ta yanke shawarar girke sababbin makamai masu linzami a Turai; a 1981 mata suka kafa sansanin ƙin amincewa a Greenham Common. Yaran da suke sayen mujallar suna kwana da tsoron abin da suke karantawa. Mu ma ba baƙi ba ne ga zancen: a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a 1960, kuma tun 1971 aka fara haƙo uraniyum a Arlit.

3. Sunan muƙami

Wanda duk ya yi nufin juya labarin nan zuwa Hausa zai fara cin karo da sunan tauraron. Hausa ta raba ayyuka uku da sunaye uku: dogari ko ɗan sanda shi ke kamawa, alƙali shi ke sauraro ya yanke hukunci, hauni shi ke zartar da kisa. Dredd ya haɗa ukun a jiki ɗaya, amma sunan na tsakiya ya riƙe, domin shi ne mai daraja. Kalmar alƙali kuwa, a kunnen Bahaushe, tafe take da ayarinta: mai ƙara, wanda ake ƙara, shaidu, rantsuwa, ɗaukaka ƙara. Babu ko ɗaya daga cikinsu a titin Mega-City One. Ke nan sunan ya zama fanko, an zubar da abin da ke ciki an bar ƙwaryar.

Zanen Ezquerra ya ƙarfafa wannan. Dredd ba ya tuɓe hular ƙarfensa; idonsa da kunnensa a rufe suke, baki da haɓa kaɗai muke gani. Alƙali ne mai baki, marar kunne.

4. Salon magana

Ƴar da'irar da ake rubuta magana a cikinta ba ta ɗaukar doguwar jimla, marubutan kuma sun mai da wannan ƙunci ya zama halin tauraronsu. Maganar Dredd yawanci umurni ce ko yanke hukunci. Tambaya ba ta cika fitowa daga bakinsa ba sai ta tuhuma. Da wannan murya guda yake ɗaure ɓarawo, da ita ya sa aka harbe waɗanda suka haɗa kai da ƴan mamaya, da ita ya ƙarasa mutanen da tururin nukiliya ya riga ya cinye, da ita kuma ya kashe shugabansa, Babban Alƙali Griffin, bayan da maƙiya suka juya masa tunani.

Ƙololuwar abin ita ce cikin rumbun makamai. Wani daga cikin abokan gaba ya roƙe shi ya tausaya wa mutanen birninsu. Dredd ya rufe amsarsa da kalmomi biyu, irin waɗanda ma'aikacin ofis yake rubutawa a kan takardar neman izini idan ya ƙi ta, sannan ya danna maɓalli. A nan ne harshe ya yi aikinsa mafi muni: roƙon rai ya koma takardar buƙata, kisan kiyashi ya koma rufe fayil.

5. Hukuncinmu

Shin marubutan suna zambo ne ko yabo? Alamun zambo suna nan. Manyan makaman da Mega-City One ya harba, maƙiya sun karkatar da su zuwa wata duniya ta daban mai zaman lafiya, ta ƙone ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma babu wanda ya tsaya yi mata makoki. Sai dai a ganinmu zambon bai yi ƙarfin da zai rinjayi daɗin nasara ba. An shafe makonni ana nuna mana wahalar ɓangare ɗaya, mutanen East-Meg One kuwa ba mu san su ba sai a adadi. Saboda haka idan maɓalli ya dannu, mai karatu yakan ji sanyi a ransa, ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wannan shi ne raunin labarin. A shekarar nan ta 1982 Raymond Briggs ya fitar da When the Wind Blows, inda ya tsaya a kan tsoho da tsohuwa biyu kawai suna mutuwa sannu a hankali. Mutuwar biyun nan ta fi ta miliyan 500 nauyi a zuciya.

Amma dole mu yi wa Wagner adalci. A labarin Day of Chaos na 2011 zuwa 2012 ya dawo da waɗanda suka tsira daga East-Meg One, suka saki annoba da ta ci mafi yawan sauran mutanen Mega-City One. Ƙarar da Dredd ya ƙi saurara, shekara 30 bayan haka aka ɗaukaka ta.

6. Kammalawa

Muna ba da shawarar a karanta "Yaƙin Tashin Duniya" a azuzuwan nazarin harshe, a sa ɗalibai su fassara maganganun Dredd zuwa Hausa, su gani da kansu a wace jimla ce kalmar alƙali za ta ƙi zama a bakinsu.