Takardar Abincin da Ba Ta San Kasuwar Kubwa Ba

Maƙwabcina ya dawo daga Masar, an yi masa tiyatar rage tumbi saboda ƙiba. Ya nuna mini takardar abincin da suka ba shi. Tsarinta ba laifi: ruwa-ruwa mako 2, sannan mai laushi, kuma kada a haɗa ci da sha. Amma jama'a, cukui da garin furotin na gwangwani kullum, da wane kuɗi? Ba kindirmo, ba alale, ba awara, alhali su ma suna gina jiki. Da iyali suka rasa, sai kunu mai sukari da lemon kwalba, bawan Allah ya yi ta amai. Azumi kuwa, ko layi ɗaya babu! Na ce masa: Alhaji, kai ta wurin likitan abinci nan Abuja, a mayar da ita cimarmu.