Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarken Shirin Oprah Da Halin Da Gidajen Talabijin Suka Shiga Bayan Rufe Shi

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mazauna Kende, can ƙuryar ƙasar Bagudo kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, da shirin hira na wata mata baƙar fata da aka daina yi a birnin Shikago na Amurka tun shekarar 2011? Tambayar tana kan hanya. Mu kanmu ba mu fara ganin shirin ba sai da na'urar kama tashoshin tauraron ɗan'adam ta yawaita, a tashar MBC4 ta Larabawa, ana magana da Turanci ana rubuta fassarar Larabci a ƙasa. Amma da shirin ya ƙare, sai abin da ya auka wa gidajen talabijin na can ya zame mana madubi, domin ciwon da ya kama su mun daɗe muna ganin irinsa a gida. Ciwon kuwa shi ne tasha ta jingina rayuwarta a kan mutum guda, ba tare da ta reni masu rubutu da masu tsara shiri nata na kanta ba. A kan wannan ne za mu yi tsokaci, musamman don amfanin 'yan'uwa masu sha'awar rubutu.

Asalin Shirin

Oprah Winfrey ta karɓi wani ɗan shirin safe mai suna AM Chicago a tashar WLS cikin watan Janairu na 1984, a lokacin da shirin ba ya da 'yan kallon kirki. Cikin 'yan watanni ta sha gaban Phil Donahue, wanda shi ne sarkin wannan fage a wancan zamani. Ranar 8 ga Satumba, 1986 aka fara watsa shirin a duk faɗin ƙasar da sunanta, wato The Oprah Winfrey Show, ana yin sa awa guda, Litinin zuwa Juma'a. Haka aka yi ta yi har shekara 25, aka gabatar da shiri fiye da 4,500. Cikin Nuwamba 2009 ta sanar da cewa za ta naɗe tabarmarta, ranar 25 ga Mayu, 2011 kuma aka nuna na ƙarshe, wanda mutum sama da miliyan 16 suka kalla a Amurka kaɗai.

Yadda Tashoshi Suka Rataya A Wuyansa

A nan ne ya kamata mu tsaya, domin wanda bai fahimci cinikin ba, ba zai gane girman asarar ba. Shirin ba mallakar tashoshin da ke nuna shi ba ne. Kamfaninta na Harpo, wanda sunanta ne aka juya, shi ke shirya shi, kamfanin King World kuma ya yi dillancinsa. A kowane birni tasha guda ce ke sayen izinin nunawa, ta biya kuɗi masu yawa, ta kuma bar wa masu shirin wani kaso na mintocin talla. Tashoshi fiye da 200 ne suka shiga wannan ciniki.

To, me ya sa suka yarda da tsadar? Dalili shi ne lokaci. A yawancin birane ƙarfe 4 na yamma ake sa shirin, daf da labarun gari na ƙarfe 5, kuma daga tallace-tallacen labarun nan ne ƙaramar tasha ke samun babban rabonta. Ɗabi'ar mai kallo ce idan ya zauna wuri ba ya son tashi. Uwargida da ta kunna akwati don Oprah, sai ta bar shi a nan har a karanta labaru. Ke nan Oprah ce ke tara jama'a, masu labaru su tarar da taro a zaune.

Mu mutanen bakin iyaka mun san irin wannan zama. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakoki cikin Agusta 2019, ba masu manyan motoci kaɗai suka ji jiki ba. Mai shayi da mai tuwo da ɗan kabu-kabu a hanyar Tsamiya da Lolo, duk da ba su ke shigo da kaya ba, a kan taron masu wucewa suke ci. Da ƙafa ta ɗauke sai kowa ya gane ashe ba daɗin shayinsa ne kaɗai ke kawo ciniki ba. Haka tashoshin nan suka wayi gari ranar 26 ga Mayu, 2011. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin Da Ya Biyo Baya

Hanya uku suka bi. Wasu, irin su tashar WABC ta Niyok, sai suka ƙara awa guda ta labaru a ƙarfe 4. Wannan ya fi araha, tun da ma'aikatan da kayan aikin duk suna nan, kuma kuɗin talla ba a raba shi da kowa. Sai dai labarin da za a karanta a ƙarfe 5 da ƙarfe 6 shi ake ja kamar danƙo don ya cika gurbi. Wasu kuma suka ruga neman magaji, suka sayi shirin Dr. Oz ko na Ellen DeGeneres. An ɗauko manyan 'yan jarida aka ba su kujera: Anderson Cooper ya fara a 2011 ya rufe a 2013, Katie Couric ta fara a 2012 ta rufe a 2014. Su ma waɗanda suka daɗe, na Dr. Oz da na Ellen sun ƙare a 2022, na Dr. Phil ya bi su a 2023, kuma babu wanda ya kama ƙafarta a cikinsu.

Hanya ta uku ita ce ta fi ba mu sha'awa. Tashar WLS, inda abin ya faro, ta ƙirƙiro shirinta na gida mai suna Windy City Live, wanda ya shafi mutanen Shikago da al'amuransu. Bai yi tashen na Oprah ba, amma ya yi shekara 10 a raye, wato ya fi na manyan 'yan jaridan nan biyu tsawon kwana nesa ba kusa ba. Nata ne, ba na aro ba.

Adalci ya sa mu faɗa cewa ba tafiyar Oprah kaɗai ta rage 'yan kallo ba. A daidai wannan lokaci ne intanet da wayar hannu suka fara janye jama'a daga gaban akwati. Ita kanta da ta buɗe tasharta ta OWN a farkon 2011, sai da ta sha wuya kafin ta tsaya da ƙafafunta. Amma wannan ƙara wa hujjarmu ƙarfi yake yi: shekara 25 tashoshin nan suna da taro a hannu, ba su yi tanadin ranar da zai watse ba.

Tarken Shirin Kansa

Idan muka ɗauki shirin a matsayin aikin fasaha, babban ƙarfinsa shi ne sauraro. Oprah ta iya yin tambaya gajera ta yi shiru, ta bar baƙo ya cika shirun da abin da bai yi niyyar faɗa ba. Na biyu, kowace rana jigo guda ake ɗauka, a gina shi kamar gajeren labari: mabuɗi, ƙulli, ƙololuwa, sa'an nan warwara. Mai kallo yana ganin kamar hira ce ta faɗo haka nan, alhali kuwa akwai ayarin masu bincike da masu tsarawa a bayan labule, sun auna wa zai fara magana, wa za a ɓoye sai bayan talla. Wannan aikin marubuta ne, ko da ba a kira su da wannan suna ba. Na uku, ta taɓo abin da ake jin nauyin faɗa. Ta bayyana cin zarafin da aka yi mata tana yarinya, ta kuma tsaya a kan maganar har aka sa hannu a dokar kare yara ta ƙasa a 1993.

Sai dai shirin yana da nasa tabon. A shekarun farko ya yi iyo cikin tonon asirin iyali don jan 'yan kallo, kafin ta juya masa baya a tsakiyar shekarun 1990. Har ila yau ya cika ɗaukaka abin duniya, kamar ranar da aka raba wa 'yan kallon zauren motoci 276 a 2004, abin da ya fi kama da tallar kamfanin mota. Mafi muni, ya ba wasu dama su yi maganar lafiya ba da hujja ba, kamar a 2007 da aka bar wata 'yar wasa ta jefa shakku kan allurar rigakafin yara. Mu da muka ga abin da jita-jita kan rigakafin shan-inna ta jawo wa Arewa daga 2003, mun san wannan ba abin wasa ba ne. Idan jama'a suka amince da murya guda, kuskurenta ma gaskiya yake zama a kunnensu.

Asarar Marubuta

Ga mu marubuta, abin da ya fi zafi shi ne rufe dandalin littattafai na shirin, wanda aka fara a 1996. Takan zaɓi littafi, ta ba jama'a lokaci su karanta, sa'an nan a zauna a tattauna. Cikin shekara 15 an zaɓi littattafai kusan 70, kuma kusan duk wanda aka ambata sai ɗab'i ya kasa biyan masu nema. Toni Morrison, duk da kyautar Nobel da ta ci a 1993, ta sami sababbin masu karatu masu ɗimbin yawa ta wannan ƙofa. A 2009 aka zaɓi Say You're One of Them na ɗan ƙasarmu Uwem Akpan, wanda ɗaya daga cikin labaransa a bakin iyakar Benin da Nijeriya aka gina shi, ko da yake ta can kudu. Akwai kuma darasin James Frey, wanda ya sayar da littafinsa a matsayin tarihin rayuwarsa, daga baya aka gano ya yi ƙari, Oprah ta tsare shi a gaban duniya cikin Janairu 2006. Mai koyon rubutu ya lura: ƙagaggen labari ba laifi ba ne, laifin shi ne ka sayar da shi da sunan gaskiya. An farfaɗo da dandalin a intanet a 2012, amma littafi ya rasa kujerarsa a tsakar gidan talaka da yamma.

Mu Dawo Gida

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka buɗe talabijin a Kaduna a 1962, aka kuma haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, gidajenmu sun yi taurarin da ke tara jama'a. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 ba za su manta da Samanja ba, wato Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023, ko Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017. Amma ina magadansu a tashoshin da suka yi musu suna? Wanda ya nemi wasanninsu yau, yawanci sai guntaye a intanet. An ci moriyar mutum, ba a adana aikin ba, ba a kuma reni na baya ba.

Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai sayar da fili ya zama ruwan dare. Mai maganin gargajiya ya saya, ɗan siyasa ya saya, sauran lokacin a cika shi da finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Mu kanmu mun taɓa kai wa wata tasha tsarin shirin tattauna littattafai na rabin awa a mako. Ba a buɗe takardar ba aka miƙo mana jadawalin farashi. Ba mu ce ma'aikatan mugaye ba ne, man janareta da albashi ne suka sha musu kai. Amma tashar da ke sayar da lokacinta ga duk mai kuɗi, ita ma zanen aro take ɗaurawa.

Kuma ba wai babu misalin alheri ba. Arewa24 da ta fara a 2014 ta ɗauki marubuta aiki, shi ya sa Daɗin Kowa ya yi tsawon rai ko da 'yan wasa suna sauyawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ta nuna cewa idan aka karanta labari a iska, jama'a za su saurara, mata kuma za su ɗauki alƙalami. Abin da ya rage shi ne tashoshin jihohi su yi nasu. A ƙasar Bagudo kaɗai akwai abin hira na shekaru: masunta da manoman shinkafa da ambaliyar kogin Kwara, makiyayan Ka'oje, tarihin Illo, auratayya tsakanin dangin da iyaka ta raba, da harsuna irin Kyanganci da matasa ke bari. Babu mai kawo mana wannan daga Shikago ko Dubai.

Kammalawa

Shawararmu ga gidajen talabijin ita ce, duk shirin da ya karɓu a sa masa marubuta biyu ko uku, a horar da mataimakin mai gabatarwa, a kuma adana kowane shiri da takardunsa. Ga rassan ƙungiya kuwa, maimakon mu jira a gayyace mu, mu tsara shiri goma sha uku a rubuce, da jigo da baƙi da tambayoyi, mu nemo mai ɗaukar nauyi, mu shiga da shi a hannu. Mai koyon rubutu kuma ya sani, tsara hira sana'a ce kamar rubuta wasan kwaikwayo, kuma ana iya fara koyonta yau: ka zauna da tsohon masunci a bakin ruwa, ka yi masa tambaya guda, ka yi shiru, ka rubuta abin da ya biyo baya.