Mahaɗa Ɗaya a Bututun Agadem

Daga Babura, in ka miƙa arewa ka tsallake iyaka, ka shiga ƙasar Damagaram ke nan. A can, ƙarƙashin gonakin gero, akwai bututun ƙarfe da ya taso daga rijiyoyin mai na Agadem a jihar Diffa, ya ratsa Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, ya haye Kogin Kwara ta wajen Gaya, bai tsaya ba sai bakin teku a Seme, kusa da Kwatano a Jamhuriyar Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi: an aza harsashi a 2019, an ƙaddamar a Nuwamba 2023, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a Mayu 2024. An tsara shi ya riƙa ɗaukar ganga 90,000 a kullum. Nijar ba ta da teku, saboda haka wannan ƙarfen ne ƙofarta zuwa kasuwar duniya. Kafin shi akwai wani gajere, mai kilomita 462, da ke kai ɗanyen mai matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011.

Abin da rediyo ya fi kawo mana game da shi rikici ne, wato takun-saƙar Yamai da Kwatano da harin da 'yan tawaye suka kai masa a 2024. Ni kuwa aikin hannun da ke cikinsa ne ya fi ɗaukar mini hankali. Irin wannan bututu guntu-guntu yake zuwa a kan tirela, kowane guntu kamar mita 12. Raba tsawon hanyar da wannan, za ka samu mahaɗa sama da 160,000. Ko guda ɗaya ta yi yoyo, sai an tsayar da mai, gonar wani ta lalace, wataƙila har da rijiyar garinsu.

Ga yadda ake yin guda ɗaya a aiki irin wannan. Bayan masu awo sun kafa turaku, an share hanya, an haƙa rami, sai a jera guntayen a gefen ramin bisa katakai ko buhunan yashi. Ba a bari su taɓa dutse, don kada rigar robar da aka lulluɓe su da ita tun daga masana'anta ta ƙuje. Inda hanya ta karkata, akwai injin da ke lanƙwasa guntun a hankali, kaɗan-kaɗan, har ya bi kwanciyar ƙasa ba tare da cikinsa ya matse ba.

Sai a zo kan baki. Bakin kowane guntu a fereye yake, ta yadda in an kara biyu za su bar 'yar kwari a tsakani, faɗi a sama, ƙunci a ƙasa. Mataimaki zai bi shi da giranda da burushin waya har ya yi ƙyalli, domin tsatsa ko maiƙo ko ɗigon raɓa kan zama kumfa a cikin walda. Daga nan a zura wata matsa ta cikin bututun ta riƙe bakunan biyu daidai wa daida, a bar tazarar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba. In ta yi faɗi, narkakken ƙarfe zai zube ciki. In ta matse, wuta ba za ta huda ba. Sannan a ɗumama wurin da wutar gas, a duba zafin da wani alli da ke narkewa idan ƙarfen ya kai yadda ake so. Ƙarfe mai sanyi in ya sha wuta farat ɗaya, tsagewa yake yi daga baya, wani lokaci bayan kowa ya tashi daga aiki.

Yanzu ne masu walda ke shigowa, su biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bututun ba ya juyawa, su ne za su zagaya shi. Sukan fara daga ƙololuwa a tsaye, su gangaro gefe a durƙushe, su ƙarasa ƙarƙashi a kwance rigingine cikin yashi, tartsatsi na zuba a kan rigar fata. Zagayen farko shi ne tushe, kuma shi ya fi wuya, don ana so waldar ta ɓullo ta cikin bututun sumul, wurin da idon mai yin ta ba ya gani. Abin da yake kallo ta baƙin gilashi wata 'yar huda ce da ke buɗewa a gaban sandar walda tana rufewa a bayanta. Girmanta ke gaya masa ya ƙara sauri ko ya rage. Kunnensa ma yana aiki: ƙarar wutar da ta huda daidai daban take da wadda ke lasar sama kawai. A saman bututu nauyin narkakken ƙarfe yana taimakonsa, a ƙasa kuwa so yake ya ɗigo masa a ƙirji, don haka kusurwar hannu da tsawon wuta canjawa suke yi taƙi bayan taƙi.

Da an gama tushe, mataimaki ya kankare dattin da ya daskare a kai, irin wanda maƙeranmu ke kira kashin maƙera, sai a bi da zagaye na biyu cikin 'yan mintuna, tun ƙarfen bai huce ba. Ba a tafiya shan shayi a tsakanin waɗannan biyun. Sai zagayen ciko, sai na rufi, wanda ke fitowa da zane a jere kamar kitso. Idan hunturu ya taso da iska da ƙura, sai a kafa 'yar rumfa a kan mahaɗar, don iska na kore hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe. A manyan ayyuka na zamani akwai injin da ke zagaya bututun a kan dogo yana walda, amma shi ma ƙwararre ne ke riƙe da linzaminsa, kuma wuraren da suka fi wuya, kamar mashigin kogi da inda dogayen sassa biyu ke gamuwa a cikin rami, hannu ake komawa.

Wani abu da ya burge ni ƙwarai shi ne, kowane mai walda yana da lamba, kuma ana rubuta ta a jikin bututun kusa da aikinsa. Masu bincike na biye da su da na'urar hoto irin ta asibiti ko ta sauti, suna leƙa cikin waldar. Ƙaramar kumfa ko siririyar tsaga za ta fito, a san mai ita, a kankare a sake. Wanda gyaransa ya yi yawa, sallamarsa ake yi. Wanda ya saba ɗiga walda a ƙofar gida ya shafe da fenti, mai gida ya gano bayan damina, ba zai yi yini guda a nan ba.

Mahaɗar da ta tsallake sai a naɗe ta da roba mai tsukewa in ta ji wuta, a bi dukan bututun da wani zoben lantarki da ke yin ƙara duk inda rigar ta huje. Motoci masu ƙugiya a gefe su ɗaga shi tare, su kwantar da shi a rami bisa lallausan yashi, a rufe. Kafin mai ya shiga, ruwa ake ɗura masa, a matsa fiye da ƙarfin da zai yi aiki da shi, a zuba wa agogon awo ido na sa'o'i. Allurar ta sauka, akwai inda ke zuba.

Wannan sana'a ba ta yi mana nisa ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da irin wannan walda aka haɗa shi, kuma a 2018 Nijeriya da Nijar sun sa hannu kan shirin jawo ɗanyen mai zuwa matata a jihar Katsina. A bakin titin Kazaure da Roni da Gwiwa akwai samarin da ke wuni da injin walda suna ƙera ƙofofi da amalanke yayin da sa'o'insu ke zaman majalisa, kuma ina ganin da yawansu suna da hannun, horo ne ya rage. Jarrabawar shiga dai sananniya ce. Za a kafe guntun bututu a karkace, rabi tsaye rabi kwance, a ce ka zagaye shi ba tare da ka motsa shi ba. In ka gama, a yanki sala-sala daga waldar, a sa a inji a lanƙwasa su har su koma kamar baka. Wanda nasa bai tsage ba, shi ake ba lamba.