Gwanin da ke Bayan Teburin Tambaya

A kowace jami'a akwai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke shiga halin ƙaƙa-nika-yi. An amince da taken kundin digiri, malamin da ke duba aiki ya ce a kawo babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ɗalibi kuwa bai san ta ina zai faro ba. Yawanci sukan nufi shagon kwamfuta, ko su duƙufa a kan waya har tsakar dare. Kaɗan ne ke tuna cewa a cikin laburaren makarantar akwai wani tebur da aka zaunar da mutum a bayansa musamman saboda wannan damuwa tasu. Da yawa sun ɗauka aikinsa bai wuce buga hatimi a bayan littafi da cewa a yi shiru ba. Ni kuwa ina ganin cikin gwanintar da ake nunawa a jami'a, kaɗan ce ta kai tasa, kuma babu wadda aka fi rainawa.

Sana'ar karatu ake yi mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da ita tun 1968, bayan Ibadan da ta riga ta, kuma a 1995 aka yi dokar kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista a Nijeriya. Amma abin da ya fi burge ni a wurin ƙwararren ma'aikacin laburare ba takardar shaidarsa ba ce. Kunnensa ne.

Bari mu kwatanta. Ɗaliba ta shigo Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru, ta iso gaban teburin, ta gaishe shi.

"Malam, don Allah littafi nake nema a kan noman gyaɗa."

Wanda bai ƙware ba zai nuna mata sashen aikin gona da yatsa, shi ke nan. Gwani ba zai motsa daga kujerarsa ba tukuna.

"To 'yata, zauna. Wane sashe kike?"

"Tarihi."

"Madalla. Ashe ba yadda ake shuka ta kike nema ba. Gyaɗar wane wuri, kuma ta wane zamani?"

"Ta Kano, Malam. So nake in san abin da ya sa dalar gyaɗa ta ɓace."

"Me malamin naki ya ce ki kawo? Me kika riga kika karanta?"

A cikin tambayoyi huɗu ko biyar, batu mai faɗin da littafi goma ba za su ƙare shi ba ya koma tambaya guda mai kai da gindi: me ya durƙusar da cinikin gyaɗa a ƙasar Kano daga wajen 1970 zuwa 1986? Haka likita yake yi idan mara lafiya ya zo ya ce a ba shi maganin ciwon kai. Ba ya miƙa ƙwaya sai ya ji tun yaushe, da wane gefe, da abin da aka sha a gida. Masu sana'ar sun daɗe da gane cewa abin da mai tambaya ya fara furtawa ba safai yake zama ainihin abin da yake buƙata ba. Wani kunya ke hana shi faɗi, kada a ce bai san komai ba. Wani shi kansa bai gama fahimtar abin da yake so ba sai an taya shi warwarewa. Saboda haka ake tambayar da lallashi, ba da murya irin ta mai jarrabawa ba. Ɗalibin da aka kunyata sau ɗaya ba zai sake dawowa teburin nan ba har ya gama makaranta.

Daga nan sai a shiga sanin gari, don da ɗan gari akan ci gari. Yawancin jami'o'inmu suna jera littattafai ne bisa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya kasa ilimi gida 21, kowane gida da harafinsa. S na aikin gona ne, R na likitanci, K na shari'a, L na ilimin koyarwa. BP a nan ake samun Musulunci, DT tarihin Afirka, tarihin Nijeriya kuma a DT515. Harshen Hausa da adabinsa suna farawa daga PL8231. Wasu kwalejoji da laburaren jihohi kuwa tsarin Dewey suke bi, wanda ya fito a 1876, mai amfani da lambobi zalla. Lambar da ke manne a gadon bayan littafi ita ce adireshinsa.

To, ga inda gwaninta take. Gyaɗar ɗalibarmu ba a gida ɗaya take zaune ba. Cututtukanta da irinta suna ƙarƙashin SB. Cinikinta da farashinta suna HD, can wajen tattalin arziki. Tarihin Kano, birnin da jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya buɗe wa gyaɗa hanyar zuwa teku, yana DT. Ɗalibar da ta tsaya a kanta ɗaya za ta fita tana cewa babu komai a laburaren nan, alhali abin yana nan a hawa daban-daban. Malamin laburare zai rubuta mata lambobin uku a 'yar takarda. Zai ambata mata littafin Jan Hogendorn a kan asalin fitar da gyaɗar Nijeriya zuwa waje, wanda ya fito a 1978, ya ce ta fara da shi, kuma kada ta faro daga shafin farko. Ta juya baya ta duba manazarta da fihirisa, don marubuci nagari ya riga ya share wa na bayansa hanya, kuma littafi ɗaya mai kyau yakan kai mutum ga ashirin.

Ba zai tsaya nan ba. Zai ce mata ta leƙa laburaren Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru, ta nemi rahotannin annobar rozet da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, jim kaɗan bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970. Zai tuna mata da hukumomin sayen amfanin gona da aka rushe a 1986. Idan tana son ganin takardun zamanin Turawa da idonta, zai tura ta Kaduna, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, ya gaya mata cewa fayilolin lardin Kano suna ƙarƙashin KANOPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Tana can sai ta biya Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Zai ce ta duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939, ta ga yadda aka riƙa ba da labarin kakar gyaɗa da Hausa. Sannan ta hau sashen da ake adana kundayen digiri, ta ga ko wani ya riga ta, don kada ta ɓata shekara tana maimaita aikin da aka gama tun ba a haife ta ba. Gwani ba ya jin nauyin cewa abu ba ya hannunsa. Ya san wanda yake da shi, wannan ma rabin aikin ne.

Wani zai ce ai yanzu komai yana intanet. Akwai abu da yawa a can, gaskiya ne, amma a nan ma ɗalibi ya fi buƙatar jagora. Injin bincike kalmar da ka ba shi yake nema, ba abin da ke zuciyarka ba. Ɗalibarmu ta saba da groundnut, yadda ake cewa a Ingila da Nijeriya. Jerin kanun batutuwa na Amurka kuwa, wanda laburarenmu ke bi, peanuts ya sani. Masana kimiyya sukan rubuta Arachis hypogaea. Wanda ke son sanin abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram, inda aka yi noman gyaɗa sosai kuma ake tsallakawa da ita iyaka, dole ya nemi arachide, don da Faransanci aka rubuta. Haka ɗalibin da ke bincike a kan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zai tarar wasu sun rubuta Usman dan Fodio, wasu Uthman ibn Fudi. Mai neman Hausa a takardun Nijar sai ya gwada Haoussa. Duk wanda ya yi amfani da rubutu ɗaya ya rufe wa kansa sauran ƙofofin bai sani ba.

Malamin laburare zai nuna mata yadda ake haɗa waɗannan da 'yan kalmomin nan uku da aka samo daga lissafin George Boole. OR tana faɗaɗa nema, ta tattaro duk sunayen abu guda. AND tana ƙuntatawa, ta ce sai inda gyaɗa da Kano suka haɗu. NOT tana fitar da abin da ba a so. Cikin 'yan mintoci, sakamakon da ya fi ƙarfin karatun mutum ɗaya ya dawo maƙalu 'yan kaɗan da za a iya karantawa a mako guda.

Kuma shi ke riƙe da mabuɗan rumbunan da Google ba ya buɗewa. Mujallun ilimi na duniya tsada gare su, maƙala ɗaya takan ci kuɗin abincin ɗalibi na kwanaki. Amma akwai shirin Research4Life, wanda ke bai wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta su kyauta ko a farashi mai rahusa: Hinari ta fannin lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA ta aikin gona a 2003, OARE ta muhalli a 2006. Akwai JSTOR mai adana tsofaffin mujallu, akwai AJOL da ta fara a 1998 don tattara mujallun Afirka wuri ɗaya. Abin takaici ne ɗalibi ya yi shekara huɗu a makaranta, an yi wa makarantarsa rajista da irin waɗannan, ya fita bai taɓa shiga ko ɗaya ba, don kawai bai tambaya ba.

Samun rubutu daban, sanin darajarsa daban. A nan ne nake ganin ma'aikacin laburare ya zama malami na sosai. Zai ɗauki maƙala ya tambayi ɗalibi: wa ya rubuta ta, a ina yake aiki, wace shekara, masana sun tantance ta kafin a buga? Akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aika musu cikin 'yan kwanaki, da suna mai ƙayatarwa da jerin editocin da wasunsu ba su ma san an sa sunansu ba. Gwani yakan shinshino su tun daga shafin farko, kuma zai koya wa ɗalibi ya duba ko mujallar tana cikin jerin DOAJ ko wani amintaccen jeri. Yanzu kuma ga sabuwar fitina: manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago sunan marubuci da take da shekara, komai tsaf, alhali babu wannan maƙala a duniya. Maganin abu ne mai sauƙi a wurin wanda ya sani. A nemi maƙalar da kanta a mujallar da aka ce ta fito, ko a bi lambarta ta DOI. In ba a gan ta ba, kada ta shiga kundi. Mu da muka gaji al'adar bin isnadi kafin a karɓi magana, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Shi ne kuma zai zaunar da ɗalibi ya nuna masa iyakar da ke tsakanin dogaro da aikin wani da satar fasaha, da yadda ake jera manazarta bisa ƙa'idar da sashensa ya zaɓa. Manhaja irin Zotero, wadda kyauta ce, tana ɗauke wannan wahala idan an fara amfani da ita tun ranar farko.

Duk wannan yana tsaye ne a kan wani aiki da ba a gani. A ɗakunan baya akwai masu zama da kowane sabon littafi, su duba shi, su yanke shawarar gidan da ya dace da shi, su ba shi lamba da kanun batu. Da sassafe kafin a buɗe ƙofa akwai masu bin kantoci suna karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, don littafin da aka ajiye ba a muhallinsa ba daidai yake da wanda aka sace. Shi ya sa ɗalibin da ya ɓoye littafi a wata kanta don shi kaɗai ya amfana, ko ya yage shafi, yake cutar da mutanen da bai taɓa gani ba, har da waɗanda za su shigo makarantar shekara goma bayansa. S. R. Ranganathan, masanin lissafin Indiya da ya koma ma'aikacin laburare a Jami'ar Madras, ya fitar da ƙa'idoji biyar na sana'ar a 1931, kuma ta huɗu a kan tattalin lokacin mai karatu take. Mutanen nan suna kashe nasu lokacin ne don na ɗalibi ya yi albarka, sau da yawa cikin ƙarancin kuɗin sayen sababbin littattafai da ɗaukewar wutar lantarki.

Saboda haka, ɗalibi ko ɗaliba, kada ku jira sai mai duba aiki ya dawo muku da babi na biyu cike da jan biro. Tun makon da aka amince da takenku, ku rubuta shi a takarda tare da abin da kuka riga kuka karanta da abin da ya shige muku duhu, ku shiga laburaren makarantarku, ku tambayi ina teburin masu taimaka wa bincike yake. Ku yi sallama, ku zauna, ku faɗi damuwarku ba tare da jin kunya ba. Don ku aka ajiye mutumin nan, kuma ba a biyan ko kwabo.