Sabon Kiɗa a Kan Tsohon Majigi: Sharhi Game da Fim ɗin Carl Dreyer na 1928

A shekarar 1981 aka tsinci waɗansu gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na asibitin masu taɓin hankali da ke Dikemark, kusa da Oslo, a ƙasar Norwe. Da aka bincika sai ga shi ashe fim ɗin nan ne da Carl Dreyer, mutumin Danmak, ya yi a Faransa, mai suna La Passion de Jeanne d'Arc, cikakkensa kamar yadda mai shi ya haɗa shi a 1928. Labarinsa kuwa shari'ar yarinyar nan ce Jeanne d'Arc, wadda za a riƙa kira Jan a nan don sauƙi, watau wadda ta jagoranci sojan Faransa kan Ingilishi, aka kama ta, limaman coci suka yi mata shari'a, aka ƙone ta a garin Rouen ran 30 ga Mayu, 1431, tana da shekara 19. Uwar fim ɗin, wadda daga jikinta a ke wanke sauran, ta ƙone a Barlin tun cikin 1928, sabo da haka shekaru fiye da 50 mutane ba su ga kome ba sai guntaye da gyare-gyaren waɗansu. Hoto dai ya dawo, amma ya dawo bebe, gama Dreyer bai bar wani kiɗa da ya ce shi ne na wannan aiki ba. Tun daga lokacin nan makaɗa da yawa su ke ta gwada sa'arsu a kansa.

Kada mai karatu ya zaci majigin zamanin dā a shiru a ke kallonsa. Sa'ad da aka nuna wannan fim a Faris a 1928 akwai taron makaɗa a gaban allo, suna bin rubutaccen kiɗan da Léo Pouget da Victor Alix suka tsara. Dattawan da suka ga majigin da motar gwamnati ta ke kai wa ƙauyuka a zamanin Turawa sun san irin wannan, don sun san yadda mai bayani ya kan tsaya gefe yana magana bisa hoton, ya mai da mutum wawa ko mai hankali da abin da ya ga damar faɗa. To, makaɗin majigi shi ma mai bayani ne, sai dai ya fi wancan ƙarfi, domin magana a kan iya musunta ta, kiɗa kuwa ya kan shige zuciya tun mutum bai farga ba.

Wahalar wannan fim ta musamman ce. Dreyer ya tattara shari'ar watanni ya matse ta cikin yini guda, ya hana 'yan wasa shafa kome a fuska, sa'an nan ya sa mai ɗaukan hoto, Rudolph Maté, ya kusantar da fuskoki har su cika allo. Abin da mai kallo ya ke gani galibi shi ne fuskar Renée Falconetti, wadda ta fito a matsayin Jan, da fuskokin alƙalai, da farin bango. Hotunan gajeru ne, a kan yanke daga wannan fuska a faɗa wa waccan ba sallama, har mutum ya kan rasa wa ke zaune a ina. Wannan rikicewa da gangan ce. Ita ce ta ke sa mai kallo ya ji kamar shi aka tsare da tambayoyi. Fuskar Jan kuma ba abu ɗaya ta ke faɗa ba: tsoro da yaƙini da gajiya da wata irin murna duk suna bi ta kanta cikin ƙiftawar ido. Kiɗa ba ya iya riƙe su duka a lokaci ɗaya. Tilas ya zaɓi ɗaya, kuma duk wanda ya zaɓa ya riga ya yanke wa mai kallo hukuncin da Dreyer ya bari a buɗe.

Misalin ɓarna shi ne abin da Lo Duca ya fitar a 1952, inda ya ɗora wa fim ɗin kaɗe-kaɗen Bach da Albinoni da Vivaldi, mutanen da aka haifa fiye da shekara 200 bayan mutuwar Jan, ya kuma datse gefen hoton don ya sami wurin sa sautin. Dreyer ya ƙi wannan aiki ƙwarai. Ba a buƙatar doguwar magana a kansa: babbar riga ce ta wani aka jefa wa wanda ba a auna ba.

Aikin da ya cancanci nazari sosai shi ne Voices of Light na Richard Einhorn, Ba'amurke, wanda aka fara yi a 1994. Einhorn ya haɗa taron makaɗa da mawaƙa, ya ɗebo kalmomin waƙarsa daga rubuce-rubucen mata masu ibada na zamanin tsakiya, da wasiƙun Jan kanta, cikin Latin da tsohon Faransanci da Italiyanci. Ya je har Domrémy, ƙauyen da aka haife ta, ya ɗauki ƙarar ƙararrawar cocinsu ya sa a ciki. Dabararsa mafi kyau ita ce da ya ƙi ba Jan muryar mace guda. Muryoyi ya gauraya, na sama da na ƙasa, suna tafiya tare, tun da ya ke ba wanda ya san yadda muryarta ta ke. Wurin da masu tsaron kurkuku ke yi mata ba'a kuma ya sa waƙoƙin zambon mata irin na wancan zamani, abin ya zauna daidai.

Amma fa akwai abin cewa. Kiɗan Einhorn dogayen babi ne, kowanne yana malala kamar kogi, alhali kuwa hoton tsalle-tsalle ya ke yi. Inda Dreyer ya yayyage ƙyalle da gangan, Einhorn ya bi ya ɗinke. Mai kallo ya kan sami sauƙi, sauƙin nan kuwa shi ne abin da fim ɗin ya yi niyyar hana shi. Har wa yau, tun daga farko muryoyin sun riga sun ɗaga Jan sama, sun shaida tsarkinta, sai shari'ar ta zama wadda aka san ƙarshenta, yarinyar ƙauye mai jin tsoron wuta ta ɓace a bayan waliyyiya. Shaidar wannan ita ce a kan yi Voices of Light a zauren kiɗa ba tare da fim ba, ya kuma tsaya da ƙafarsa. Wannan yabo ne ga aikin, amma zargi ne ga rakiyar, gama ɗan rakiya in ya iya isa gari shi kaɗai ya kan manta da jiran wanda ya rako.

Mawaƙan Orlando Consort na Ingila sun bi wata hanya dabam a 2015. Maza biyar ne, ba kayan kiɗa ko ɗaya, suna rera waƙoƙin da aka tsara a zamanin Jan, irin na Dufay da Binchois. A ido wannan ya fi kowanne gaskiya ga tarihi. Sai dai a tuna Binchois mawaƙin fadar Bargandi ne, mutanen fadar nan kuwa su ne suka kama Jan a Compiègne a 1430 suka sayar da ita ga Ingilishi. Watau abin da kunne ya ke ji muryar coci ce da ta fada, muryar masu shari'a, ita kuwa Jan ta zauna bebiya a tsakiyarsu. Ko da gangan ko ba da gangan ba, wannan ya fi kusa da ginin fim ɗin, inda mace ɗaya ta ke kewaye da maza masu magana. Adrian Utley da Will Gregory kuma, a 2010, sun zo da jita masu lantarki da ganguna da mawaƙa. Ƙarfin irin wannan kiɗa yana wajen tarzomar da ta tashi a ƙarshe, sa'ad da sojoji suka far wa jama'a.

Akwai wata matsala da ba a cika kula da ita ba, ta saurin na'ura. In an juya fim ɗin hotuna 24 cikin sakan ɗaya, ya kan ɗauki wajen minti 82. In an rage zuwa 20, sai ya ƙaru da kamar rubu'in sa'a. Makaɗi ba ya iya fara aiki sai ya zaɓi ɗaya, ke nan tun bai buga kome ba ya riga ya ƙayyade tsawon lokacin da hawaye zai ɗauka kafin ya sauko kumatu.

Wurin da ya fi dacewa a auna kowane kiɗa shi ne bayan Jan ta sa hannu a takardar janye maganarta don gudun wuta. An aske mata kai, sai ta ga mai shara yana kwashe gashinta tare da kambin nan da aka saƙa, ta dube shi, nan take ta aika a kira alƙalai ta ce ta yi ƙarya. Duk juyin labarin yana cikin wannan kallo. Kiɗan da ya kumbura kafin idonta ya sauya ya tona asirin tun lokaci bai yi ba, wanda ya jira kuwa ya bar mai kallo ya gano da kansa. Faifan da kamfanin Criterion ya fitar a 2018 yana ɗauke da kiɗan Einhorn, da na Utley da Gregory, da na fiyano kaɗai na Mie Yanashita bisa saurin hotuna 20. Malamin da ke koyar da sharhin adabi yana iya nuna wa ɗalibai wannan wuri sau uku da kaɗe-kaɗen nan, na huɗu ya kashe sauti, ya sa kowa ya rubuta a wane lokaci ne ya ga Jan ta sāke shawara.