Garin Fure A Firiza: Ci Gaba Ne, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Furen daylily yini ɗaya yake yi: ya buɗe da safe, kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane. Wannan ya daɗe yana ɗaure hannun masu barbararsa a Amurka. In wanda kake so ya zama uba ya yi fure a watan Yuni, uwar kuma sai Agusta, aure ba zai ɗauru ba.

Yanzu firiza ta raba gardama. Da hantsi, in raɓa ta bushe, mai lambu zai tsinke 'yan kawunan da ke ɗauke da garin furen, ya shanya su cikin ɗaki, ya zuba a 'yar kwalba mai murfi, ya sa a firiza. Wanda ya bushe sarai kan kai shekara da ransa, wanda aka rufe da danshi kuwa fumfuna zai yi. Har ta gidan waya ake aika shi, daga Florida zuwa Michigan.

Ni dai ina goyon bayan wannan al'ada. Sabon iri kan kai dala 100 ko fiye, amma ɗan garin da aboki ya ba ka ya isa ka fara naka.

Sai dai abu biyu na damu na. Na farko, sakaci wajen rubuta suna. Daylily mai ƙwayoyin gado 22 da mai 44 da wuya su haɗu su ba da iri, don haka kwalbar da ba suna asarar damina ce. Ƙungiyar American Daylily Society, wadda aka kafa a 1946, ta yi wa iri sama da 90,000 rajista, kuma amfanin rajistar shi ne a san asali.

Na biyu ya fi girma. Kowa rububin uban da ke tashe yake yi, mai fure tafkeke da gefe nannaɗe, an manta da ƙarfin shukar. Da cutar tsatsa ta ɓulla a Amurka a shekarar 2000, an ga kyawawa da dama da ba su da juriya. Stella de Oro kuwa, ƙaramin fure rawaya da Walter Jablonski ya yi wa rajista a 1975, har yau ya cika lambuna, don yana jure wahala kuma yana maimaita fure.

A ci gaba da rabon gari, amma a rubuta suna da kwanan wata, kuma a bar wa tsofaffin iri masu juriya gurbi a firiza.